Ranar Da Na'ura Ta Ƙi Yatsun Gwaggo

Ina cikin shekarata ta shida da kama aiki a sashen lafiya a Ƙaura Namoda aka ɗauke ni daga teburin da nake rubuta sunayen masu zuwa awon ciki, aka haɗa ni da ayarin da zai zagaya shiyyarmu yana yi wa mutane rajistar inshorar lafiya. Mu uku ne kacal. Akwai oganmu, wani dattijon jami'in lafiya da ya kusa ritaya, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Akwai direba, mutumin kirki, amma ba a taɓa yin magana a gabansa bai tsoma baki ba. Sai ni, da kwamfuta a cinya da wata 'yar na'ura mai gilashi da ake ɗora yatsa a kanta ta ɗauki zanensa.

Abin da aka aike mu mu faɗa wa mutane ba shi da wuya. Gwamnati za ta ba da kati ga waɗanda ba su da albashi kuma ba su da mai tsaya musu: tsofaffi, marayu, masu juna biyu, da masu aikin ƙarfi da ke ci daga abin da suka samu a wuni. Wanda ya riƙe katin, in ciwo ya kama shi, zai je asibitin da aka rubuta masa a duba shi a ba shi magani ba tare da an ce ya kawo komai ba. Faɗar ba wuya, amma fahimtar da mutane ita ce aiki. A Sakajiki, ranar da muka fara, mata suka fito da buhuna da kwanoni, don an gaya musu rabon shinkafa ne. A Jangeru wani Bafulatani ya saurari oga har ƙarshe cikin natsuwa, ya gyaɗa kai, sannan ya ce shi dai lafiyarsa ƙalau, amma yana da wata saniya mai yawan tari, ko za a rubuta ta a madadinsa. Oga ya ce in saniyar za ta iya ɗora yatsa a kan na'ura, a kawo ta. Mutumin ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, ya je ya kawo mahaifiyarsa.

Ni kuwa tun da aka ce za mu Shinkafi hankalina yake kan mutum ɗaya, Gwaggona, yayar mahaifina. Tun ina ƙarama na san ta da faifai a hannu. Aikinta bakace a kasuwar hatsi. 'Yan kasuwa su sayi gero ko dawa daga ƙauye da ƙasa da ƙaiƙayi, ita da wasu mata su zauna gindin rumfa su sheƙe, su bakace, su tsince tsakuwa, kafin a ɗinke buhu. Da wannan ta ciyar da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da shi kuma take riƙe da jikarta, 'yar ɗanta da ya rasu, wadda uwarta ta sake aure can cikin Nijar ta bar ta a hannun kakarta.

Matsalar ita ce idon Gwaggo. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, har ya zama ba ta bambanta mutum da turmi sai ya yi magana. Hannunta bai manta bakace ba, amma tsintar tsakuwa sai da ido. Sai ta cire yarinyar daga makaranta tana aji biyu. Da safe yarinyar ta ja ta zuwa kasuwa, ta zauna gefenta tana tsince abin da ta bakace, da yamma ta ja ta gida. Akwai wata jami'ar jin daɗin jama'a da ke zagaya kasuwar tana yi wa 'yan kasuwa faɗa a kan sa yara aiki a lokacin makaranta. Duk matan rumfar sun san ƙarar takalminta. Da sun ji ta, sai a tura yarinyar bayan buhuna a lulluɓe ta da zani. Mahaifina ya yi magana har ya gaji. Ya ce ta dawo Ƙaura ta zauna da mu, ta ce ita ba kayan ajiya ba ce.

Mun isa Shinkafi ranar Laraba, don mu riga cunkoson kasuwar Alhamis. Na bar oga da direba suna kafa tebur a ƙofar asibitin da aka ba mu, na tafi rumfar hatsi. Tun kafin in yi sallama yarinyar ta raɗa mata, sai na ji Gwaggo ta ce, "Ɗiyar ƙanena, ke ce da warin asibiti haka? Matso in taɓa ki."

Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa fuskata da tafin hannunta mai kaushi kamar bayan kaskon tuya. Bayan an gama tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na kawo maganar da ta kawo ni. Na yi bayani yadda aka koya mana, har na ce shirin na marasa galihu ne.

Faifan ya tsaya cak a hannunta.

"Marasa mi?"

"Marasa galihu, Gwaggo. Wato waɗanda..."

"Na ji. Ke da ubanki kunka zauna kunka yanke ni ba ni da galihu? Na taɓa zuwa ƙohwar gidanku da ƙoƙo? Kuma ki ji, ni ba a rubuta sunana a jiran ciwon da bai zo ba. Kiran shi ne. Tashi ki ba ni wuri, iska na wuce ni."

Matan rumfar suka goya mata baya, kowa na faɗin tata. Na koma wurin oga fuskata a murtuke. Ya tambaye ni abin da ya faru, na gaya masa. Ya gyara hularsa, ya ce in kai shi.

Da muka isa ya yi sallama da muryar nan tasa, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a ƙasa cikin ƙaiƙayi kamar ba shi da farar riga a jikinsa. Ya ce, "Inna, an ce nan ne ofishin ma'aikatan hatsi. Shugabarsu nake nema."

Gwaggo ta ce, "Nan dai masu bakace ne, Malam."

"To ai su nake nuhi. Shekara nawa kina wanga aiki?"

"Tun kahin a haihi wagga da ta kawo ka."

"Kin taɓa hutu?"

"Ranar Salla."

"To ni ban kai ki daɗewa a aiki ba, kuma ina da katin asibiti, don ni ma'aikaci ne. Yanzu anka duba anka ga akwai ma'aikatan da anka manta da su, masu dako, masu bakace, masu ga-ruwa. Geron da ni da gwamna muke ci, ta hannunku yake biyowa. Shi ne anka ce a zo a ba ku naku. In ba ki so, sai in koma in ce ma'aikatan Shinkahi sun ce a bar shi."

Gwaggo ta juya wajen da take jin numfashina ta ce, "Ke, mi ya hana ki hwaɗi haka tun farko? Kin zo kina ce mini maras galihu." Ta sake juyawa wajen oga. "To batun kiran ciwo hwa?"

Oga ya ce, "Inna, kina da rumbu?"

"Da ina da shi."

"Da kike zuba hatsi ciki, yunwa kike kira?"

Wata daga cikin matan ta kwashe da dariya, sauran suka bi. Gwaggo ta ajiye faifai ta ce a ba ta mayafinta. Ba ita kaɗai ta taso ba. Duk rumfar ta taso, mata goma sha wani abu, a jere, ƙaiƙayi a gira da gashin ido, Gwaggo a gaba jikarta na riƙe da hannunta. Masu shaguna suna leƙowa suna tambaya ko lafiya, tana amsa musu da cewa ma'aikata ne za su ofis.

Ita na fara zaunarwa. Na rubuta abin da ake rubutawa. Da na tambayi shekarunta ta ce in rubuta abin da na ga ya dace, amma kada in wuce na mahaifina da yawa. Sai aka zo kan yatsa. Na kama babban yatsanta na dama na ɗora a kan gilashin. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja. Na goge gilashin na sake. Ja. Na gwada manuni, na gwada na tsakiya. Ja, ja. Na ɗaga hannun na duba da kyau, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon shekarun da hannun nan yake shafa kaina. Babu zane ko ɗaya a yatsunta. Hatsi da faifai sun cinye shi, sun bar fata sumul kamar bayan cokali.

"Mi tac ce?" in ji Gwaggo.

"Ta ce ba ta gan ki ba."

"To mun yi daidai, ni ma ban gan ta ba."

Layin ya ɗauki dariya. Na kira ta biyu a layi don in ga ko na'urar ce ta lalace. Ita ma ja. Ta uku ma haka. Direba ya ɗora nasa, nan take ta nuna kore, matan suka yi masa caa, wai ga hannun wanda bai san wahala ba. Ya ce shi sitiyari ne ya san shi. Daga nan kowa ya zama malamin na'ura. Aka ce a jiƙa yatsa da ruwa, muka jiƙa. Aka ce a hura masa iskar baki, muka hura. Wata ta kunce bakin zaninta ta fito da man kaɗanya, aka shafa, gilashin ya yi maiƙo na sha wahalar gogewa. Direba ya ce a gwada yatsan ƙafa, tunda shi bai taɓa bakace ba. Oga ya ce in ya sake magana zai koma Ƙaura a ƙasa.

Oga ya buga waya sama, aka ce masa akwai wani fom na musamman da ake cikewa ga wanda yatsunsa suka ƙi, amma sai an aiko da shi daga Gusau, kuma ba a san ranar ba. Wani a wayar ya ba da shawara su huta da aiki mako biyu suna shafa mai, zanen zai dawo. Da oga ya faɗa, Gwaggo ta ce a tambayi mai shawarar ko shi zai riƙa aiko musu da tuwo.

Rana ta take, na fara jin kunya, don ni na taso su daga aiki. Sai yarinyar, wadda tun ɗazu take tsaye jikin teburin tana kallon yadda nake yi, ta ce a hankali, "Anti, ba ki gwada ƙaramin ba."

"Wane?"

"Ƙaramin na hagu. In tana bakace shi ba ya taɓa faifai. Tsaye yake yi, haka." Ta ɗaga nata ta nuna mini, ɗan yatsan a miƙe shi kaɗai. Wuni take zaune gefen hannun nan, ta san shi fiye da mai shi.

Na kama ƙaramin yatsan Gwaggo na hagu na ɗora. Na'urar ta yi ɗan jim, sannan ta nuna kore. Ban san lokacin da na yi ihu ba. Wata tsohuwa a bayan layi ta rangaɗa guɗa, kamar an ce an haihu. Gwaggo ta ɗaga yatsan sama ta ce, "Kai, malalacin banza, ashe kana da ranarka."

Oga ya sake bugawa ya tambaya ko yatsa ɗaya ya isa, aka ce ya isa in an rubuta dalili. A ranar duk matan rumfar suka shiga, in ban da biyu da suka jira fom ɗin. Yarinyar ma na yi mata nata a layin marayu. Wajen hoto kuma sai da muka yi sau huɗu, don Gwaggo ta ce ba za a ɗauke ta da ƙaiƙayi ba, aka kawo ruwa ta wanke fuska, ta ari mayafin wata da aka ce mata ya fi nata kyau. Mako biyu bayan haka da muka je Zurmi muka tarar da masu surfe da masu fasa dutse da irin wannan matsala, ban ɓata lokaci ba, ƙaramin yatsan hagu nake fara nema. Oga har ya rubuta shi a rahotonsa.

Katin ya ɗauki lokaci kafin ya fito, har Gwaggo ta fara aiko mini da saƙo ta bakin direbobin tasha cewa ma'aikaciya tana gaida ma'aikaciya, tana kuma tambayar ko gwamnati ta yi barci ne. Da ya fito na kai mata da kaina. Ta shafa shi gaba da baya, ta naɗe a tsumma, ta saka a gwangwani, ta tura ƙarƙashin gado. Na ce gobe sai mu je a duba idon. Ta ce a'a, kada a fara taɓa shi tun yanzu ya ƙare, a bar shi sai babban ciwo ya zo. Na yi bayani cewa ba ya ƙarewa kamar katin waya, ba ta yarda ba. Sai da na ce mata oga ya ce duk ma'aikacin da bai yi amfani da nasa ba za a ɗauka ba ya so, sannan ta ce a fito da gwangwanin. Oga bai faɗi haka ba. Na gaya masa daga baya, ya ce Allah ya yafe mana mu biyu.

A asibitin Shinkafi aka duba ta aka ce yanar ido ce, kuma irin wadda ake cirewa, aka ba mu takarda zuwa babban asibiti a Gusau. Muka kwana biyu a gidanmu a Ƙaura, ita da yarinyar, sannan muka wuce da sassafe. A mota carbi kawai Gwaggo take ja. Da za a shiga da ita ta riƙe hannuna ta ce in ba ta fito ba, faifanta na yarinyar ne. Nas ɗin ta ce, "Inna, ko rabin awa ba za ki yi ba." Haka kuwa aka yi. Ido ɗaya aka yi, na dama, aka rufe shi da bandeji, aka ce sai gobe.

Washegari da hantsi likita ya zo ya cire. Gwaggo ta ƙifta, ta ƙifta, hawaye na zuba. Ni ce a gabanta. Ta ƙura mini ido, ta daɗe, sannan ta ce, "Ke ce? Subhanallahi. Yaushe kinka yi wagga ƙiba?"

Likita ya juya baya yana dariya. Na ce, "Gwaggo, abin da za ki fara gaya mini ke nan?"

Sai ta hango yarinyar tsaye a ƙarshen gado. Rabon da ta ga fuskarta tun tana 'yar mitsitsiya. Ta miƙa hannu, yarinyar ta matso. Ta kama haɓarta ta juya ta dama, ta juya ta hagu. Muryarta ta sauka ƙasa ta ce, "Ubanki sak. Har wushiryar." Ta jawo ta jikinta. Ni kam sai da na fita baranda na share fuska.

Da na dawo na tarar ta sa an ba ta katin tana dubawa. Ta nuna hoton da yatsa ta ce, "Wagga tsohuwa hwa?" Yarinyar ta ce ita ce. Ta ce ƙarya ne, an musanya mata da na wata, kuma mayafin ma da aka ce yana da kyau ashe kalar ruwan kwata ne, za ta gamu da mai shi.

An hana ta shiga ƙura na wasu makonni, ta yi su a gidanmu tana gyara wa mahaifiyata yadda ake tankaɗe. Ranar da ta koma Shinkafi na bi ta. Ba rumfa ta fara zuwa ba. Ta sa yarinyar ta yi wanka, ta kama hannunta, wannan karon ita ce a gaba, muka tafi ofishin jami'ar nan mai takalmi. Matar ta ɗago ta dube mu. Gwaggo ta ce, "Hajiya, ga wadda kike nema bayan buhuna. Na kawo ta da kaina."

Jami'ar ta ce ai ta daɗe da sanin yarinyar tana wurin, don zanin da ake lulluɓa mata bai taɓa rufe ƙafafunta ba. Ta ce ta rasa yadda za ta yi ne, in ta ɗauke yarinyar wa zai ja tsohuwa. Ta rubuta takarda zuwa ga hedimasta, ta kuma sa sunanta cikin marayun da ake ba kayan makaranta da littattafai. Aka mai da ita aji biyu, ta fi kowa tsawo a ajin. Kafin shekara ta zagayo aka tsallakar da ita zuwa huɗu, don lissafin mudu da tiya da ta koya a kasuwa ya wuce na littafin.

Ranar farko da yarinyar ta koma makaranta, Gwaggo ta ɗauki faifanta ta fita kasuwa ita kaɗai, ta ƙi yarda kowa ya raka ta. Sai ga shi ta ɓata. Shekara da shekaru tana bin hanyar da ƙafa da kunne, ta san inda injin niƙa yake da inda mai ƙosai take, amma da ta buɗe ido sai ta ga gine-gine da shaguna da ba ta san da su ba, ta rikice ta yi yamma maimakon gabas. Wani mai babur da ya san ta ya same ta kusa da tasha tana yi wa wani bene faɗa, wai wa ya ba shi izinin tsayawa a nan. Ya ɗauko ta ya kawo ta rumfa, matan suka yi ta tsokanarta har azahar.

Har yanzu tana bakace, amma kwana uku kawai a mako, kuma ita ke tsince tsakuwarta. Likita ya ce a kawo ta a yi ɗayan idon. Na je da maganar sau biyu. Ta ce ta ji, za ta zo, amma sai an gama kaka, don yanzu sabon gero ke shigowa kuma ba za ta bar wa matan rumfa aikin su kaɗai ba.